Farar Tunkiya Mai Kusurwa Huɗu

Dunedin,
3 ga Fabrairu.

Zuwa ga Nana Nola,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ina fata gwiwar da Mama ta ce tana damun ki ta yi sauƙi. Mu nan duk lafiya lau.

Na san sai kin duba sunan da ke bayan ambulan sau biyu. Ni ne Murdo, jikan Rab Kinnaird, ɗan baffan marigayi mijinki Hector. Rabona da ke tun ranar jana'izarsa, ina ɗan shekara tara. Na kira wayar gidanki sau uku. A na uku wata mata ta ɗauka, ta ce ba kya jin waya, kuma ko kina ji ba kya so, in rubuto.

Yanzu ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan. Duk bayan kwana biyar tauraron ɗan'adam yakan ratsa ta saman kwarinku da hantsi ya ɗauki hoto, ni kuma in zauna in auna dusar ƙanƙarar da ta rage a kan duwatsun da ke shayar da kogin Clutha. Da wannan ake gane ruwan da kowane rafi zai kawo a watannin zafi.

Ga alfarmar da nake nema. Kakana yakan ba mu labarin Farar Tunkiya, wato ƙanƙarar nan da ke maƙalewa a kwazazzabon saman Rafin Moffat bayan duk sauran ta narke, mai siffar tunkiya a kwance. Ya ce kowace shekara Hector yakan rubuta ranar da wuyanta ya katse a jikin ƙofar rumfar askin tumaki, domin daga ranar ruwa ke fara ja baya. In ƙofar tana nan, ina roƙon ki kwafo mini ranakun. Ina so in gwada su da abin da tauraron ke nuna mini.

Naki,
Murdo.

Rafin Moffat,
11 ga Fabrairu.

Kai Murdo,

Na samu takardarka, ina gaishe ka, ka gai da uwarka. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, kowa bai bar wa ɗan'uwansa gida ba. Zafi ake yi na gaske, tuffa ta fara ja, tsuntsaye sun riga ni ɗanɗanawa.

Matar da ta ɗauki waya ni ce. Na ji muryar ta yi kama da ta masu tallan inshora.

Na tuna ka sarai. Kai ne ka shige ƙarƙashin tebur ranar jana'iza da farantin gasasshen burodi mai cuku, ka cinye goma sha ɗaya, ka ce kare ne. Karen gidanmu kuwa ya riga Hector mutuwa da shekara guda. To tun ranar na san kai mutum ne mai son sanin abin da ke saman tebur ba tare da an gan ka ba. Ashe sana'a za ta zama.

Shekara goma sha takwas ba kati ko na Kirsimeti, yau kuma ga takarda shafi guda cike da tambayar gwiwata da ƙofar rumfata. Ni karatuna bai wuce aji shida ba, amma ba a yi mini irin wannan gaisuwa in kasa leƙa bayanta. Wa ya aiko ka? Wa ke biyan tauraron nan kuɗin mai? Don ka sani, mu gida huɗu ne muke shan ruwan magudanar da masu haƙar zinariya suka haƙa tun kafin a haifi kakanka, kuma bara wani mutum, Sprott, ya sayi filayen ƙasan kwari ya zuba shanun madara. Saniya ɗaya ta fi itatuwana biyar shan ruwa. Tun zuwansa duk wanda ya tambaye ni labarin rafi, takalminsa nake fara dubawa in ga ko akwai kashin shanu.

Maganar ƙofa kuwa, ka makara. Ɓeraye sun cinye ta. Abin da suka rage iska ta ɗauke, abin da iska ta rage na hura wuta da shi. Tunkiya kuma tana nan lafiya, yanzu ma daga tagar kicin nake kallon ta, fara tas. Me kuke so da ita? Ba ta shiga gonar kowa.

Ka ce wa tauraronka ranar Litinin nake shanya, ya kau da ido.

Nana Nola.

Dunedin,
19 ga Fabrairu.

Nana Nola,

Ina gaishe ki, na kuma ji daɗi da gwiwa ba ta kayar da ke ba. Mama ta yi dariya har da hawaye a kan maganar kare. Tara na ci, ba goma sha ɗaya ba.

Ba wanda ya aiko ni. Hukumar rabon ruwa ce ta ba kamfaninmu aikin auna ƙanƙarar yankin gaba ɗaya, rafuka sama da arba'in, ba naku kaɗai ba. Shanyarki kuma ba ta fitowa, ki kwantar da hankalinki. Abu sai ya kai girman tsakar gida kafin tauraron ya gan shi.

Tunda kin ce in fito fili, bari in fito. A duk rafukan nan ƙanƙara tana ƙarewa da wuri fiye da yadda take yi shekara ashirin da suka wuce. Ko'ina. Sai Tunkiyarki kaɗai. Ita tun shekara shida da suka wuce ta daina ramewa, tana kaiwa har Afrilu. Da farko na yi murna, na ce inuwar kwazazzabo ce. Amma da na jera hotunan shekara shida a gabana sai na ga abu biyu da suka dame ni. Na ɗaya, ba ta da kai, ba ta da wuya, kusurwa huɗu gare ta. Nana, ƙanƙara ba ta yin kusurwa. Na biyu, ba ta narkewa a hankali. Yau tana nan, bayan kwana biyar babu ita, kuma kowace shekara a makon Ista.

Ban yarda ɓeraye sun ci ƙofar ba. Kakana ya ce katakon gadar jirgin ƙasa ce.

Ranar 10 ga Afrilu hukuma za ta zauna a garin Alexandra a kan ruwan Rafin Moffat. Abin da ke kan dutsen nan zai je gabansu, ko kin ba ni ranakun ko ba ki ba ni ba. Shi ya sa nake roƙon ki.

Murdo.

Rafin Moffat,
2 ga Maris.

Murdo,

Gaisuwa kaɗan ce yau, don ba ka ci mai yawa ba. Lafiyata ƙalau, in ma kana tambaya ne don ka san ko zan kai goma ga Afrilu.

Na karanta layinka na ƙarshe sau huɗu, na kai wa Gwenda maƙwabciyata ta karanta da nata tabaron. Ta ce, «Nola, yaron nan barazana yake miki.» Na ce ai na gani. Ko na ba ka ko ban ba ka ba! Hector bai taɓa yi mini magana haka ba, shi da ya aure ni ma.

Kana tambayar me ya sa Tunkiya ke tafiya a makon Ista. Mai ibada ce, coci take zuwa. Kusurwa kuma tsufa ne, ni ma da can ba haka siffata take ba.

Yanzu ga tawa tambayar. Ranar Alhamis Gwenda tana dawowa daga kai akwatunan tuffa, ta hango wata farar mota a ƙofar gidan Sprott, da wani dogon saurayi mai kunnuwa irin na gidan Kinnaird, zaune a baranda da kofin shayi. Kunnuwan nan ba a ɓoye su, Murdo, na zauna da irinsu shekara arba'in da uku. Sprott ya kai takarda hukuma yana neman a ba shi ruwa daga saman rafi, sama da bakin magudanarmu, duk kwarin nan an sani. Sai ga ka a barandarsa, sai ga takardunka a akwatina. Har ka sa na fara tsayawa a ƙarƙashin itace in hantsi ya yi.

Na san abin da kuke ƙullawa. Kuna neman laifin da za ku ɗora mana a gaban hukuma, a ce tsofaffin nan ba su san darajar ruwa ba, a karɓe a ba shanu. Itatuwan nan ɗari da sittin Hector ya dasa su da hannunsa shekarar da muka yi aure. In magudana ta bushe a Fabrairu sau biyu a jere, ba tuffa za a rasa ba, itatuwan ne za su mutu. Ban ce ka damu ba. Na faɗa maka ne don ka san abin da kake ci da shayin Sprott.

Kada ka sake rubuto mini sai in ka canja sana'a.

Nola Kinnaird.

Dunedin,
6 ga Maris.

Nana,

Ina gaishe ki ko ba kya amsawa. Ni ne a barandar, ban musa ba. Na zo ne in ga Tunkiya da idona, amma gajimare ya rufe dutsen. Hanyar hawa ta gonarki ta bi, na tarar da kwaɗo a ƙofar shinge. Na ƙwanƙwasa gidanki har sau uku, labulen kicin ya motsa, ba a buɗe ba. Sai na tafi wajen Sprott in tambayi ko akwai wata hanya. Babu. Shayin ma ba shi da daɗi.

Ba barazana na yi miki ba. Don Allah ki amsa.

Murdo.

Dunedin,
21 ga Maris.

Nana Nola,

Mako biyu shiru. Mama ta sa na kira asibitin yankinku, suka ce ba su da ke. Ina fata fushi ne kawai.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, kunya ta hana ni. Rahoton ƙanƙarar da hukuma za ta duba, ba nan gaba zan rubuta shi ba. Na riga na miƙa shi tun Disamba, da sa hannuna, kuma shi ne aikina na farko da ba wanda ya tsaya a kaina. A ciki na rubuta cewa Rafin Moffat ya fi duk rafukan yankin riƙe ƙanƙara, cewa yana da ajiyar da ke kai shi har Afrilu. Ban lura da kusurwoyin ba sai a Janairu.

Kin ga abin da ya biyo baya. Lauyan Sprott ya ɗauki shafin nan nawa ya manna a takardar nemansa. Hujjarsa ita ce rafi yana da rarar ruwa, in ya ɗiba daga sama ba abin da zai same ku. Ba laifinku yake nema ba, Nana. Farin nan da ke kan dutse shi ne duk abin da yake da shi. Muddin hukuma ta yarda ƙanƙara ce, za a ba shi.

Ni zuciyata ta ba ni ba ƙanƙara ba ce. Amma ba zan iya shiga wajen maigidana in ce a janye rahoto saboda zuciyata ba. Zai ce ina shaida. Shaida kuma tana kan dutsenku da jikin ƙofarku, ke kuma kin sa wa duka biyun kwaɗo.

In ƙanƙara ce da gaske, ki faɗa mini in bar ki ki huta. In ba ita ba ce, saura kwana ashirin.

Murdo.

Rafin Moffat,
29 ga Maris.

Murdo ɗan gidan Rab,

Ina gaishe ka da kyau yau. Ban mutu ba, ka faɗa wa uwarka ta daina kiran asibiti tana ɓata mini suna. Tsinkar tuffa muke yi, hannuna duk ya yi kanta. Takardarka ta 6 ga wata na sa ta ƙarƙashin tulun sukari ban buɗe ba. Da ta biyu ta zo na buɗe su tare, na zauna a kan akwati a tsakiyar lambu na karanta, na ce, «Gwenda, zo ki ji abin da muka yi wa kanmu.» Ta karanta, ta cire hula, ta ce, «Wato shekara shida muna hawan dutse muna yi wa Sprott aiki kyauta?»

To saurara, kuma kada ka yi dariya sai na gama.

Ka san farin yadin nan da muke shimfiɗawa tsakanin layukan itatuwa don hasken rana ya koma sama tuffa ta yi ja? In ya tsufa zubar da shi ake yi. Shekara shida da suka wuce wuyan Tunkiya ya katse ranar biyu ga Janairu. Biyu ga Janairu, Murdo! Lokacin da na zo gidan nan amarya, sai tsakiyar Maris. Shekarar nan magudana ta koma kamar fitsarin kyanwa tun kafin tuffa ta kai girman ƙwai. Ina tsaye ina naɗe tsohon yadi sai na tuna yadda uwata ke rufe dunƙulen ƙanƙara da farin bargo a ranar bikin coci don kada ya narke. Na ce in bargo ya yi wa dunƙule, me zai hana yadi ya yi wa Tunkiya?

Muka tara tsofaffin yaduka na gida huɗu, naɗi ashirin da biyu. Kowane Nuwamba mukan ja su da babur mai ƙafa huɗu har inda hanya ta ƙare, sauran a kafaɗa. Mu shimfiɗa a kanta layi layi, mu danne da duwatsu. Ga kusurwoyinka. Kuma yana aiki, kada ka raina mu: yana ƙara mana mako uku, wata shekarar har huɗu. Amma kafin Fabrairu ta yi nisa babu komai a ƙarƙashinsa sai tsakuwa. Barin sa muke yi don tsinkar tuffa ba ta barin kowa ya ɗaga kai, sai Litinin ɗin Ista da 'ya'yan Gwenda ke zuwa hutu a hau a kwaso. Ga cocin Tunkiya.

Shekaranjiya na sa Gwenda ta goya ni a babur muka hau, don in tabbata. Na ɗaga gefen yadin da sandata. Ƙadangare ne ya fito yana harara ta.

Abin da ya sa na ɓoye: wurin nan ba namu ba ne. Daga shingen sama ƙasar gwamnati ce da aka keɓe, ko gwangwani ba a yarda ka bari ba, balle yadi mai faɗin filin ƙwallo. Ni a tunanina in aka gane, da shi za a kama mu a ƙwace izinin magudana. Da ka fara tambaya sai na ce shi ke nan, Sprott ya hayo ɗan leƙen asiri, kuma don cin fuska ya zaɓo mai kunnuwan mijina.

Ƙofa tana nan daram. Bayan Hector ni na ci gaba da rubutawa da fensirinsa na kafinta. Shekarun yadi ma na rubuta ranar gaskiya, don Gwenda kan leƙa ƙarƙashi duk mako in ta hau share bakin magudana. Ga su nan na kwafo a bayan takardar kalanda, shekara hamsin da tara.

Yanzu wuyana yana hannunka. Har yanzu ban gama yarda da kai ba, amma na fi rashin yarda da Sprott.

Nana Nola.

Dunedin,
3 ga Afrilu.

Nana,

Na gaishe ki, na kuma gode. Na yi dariyar, amma sai da na gama.

Na jera ranakunku da hotunan tauraron na shekarun da ba yadi. Bambancin bai taɓa wuce kwana biyar ba. Hector ya yi aiki da fensir abin da muke yi da na'ura.

Jiya na shiga wajen maigidana na ce rahoton yana da kuskure, nawa ne. Na'urarmu takan bambance ƙanƙara da gajimare, amma yadinku ya ruɗe ta, ni kuma ban je na duba da ido ba kafin in sa hannu. An rubuta wa hukuma cewa shafin Rafin Moffat ba abin dogaro ba ne. An kuma cire ni daga aikin, ba zan je zaman ba. Ko za a bar ni a kamfanin, sai ƙarshen wata zan sani.

Ban ambaci sunanki ba, ban ambaci yadi ba. Na ce dai farin ba ƙanƙara ba ne. Amma ki sani, lauyan Sprott zai ce to mene ne, tunda kowa a kwarin yana ganin sa da ido. In ba wanda ya amsa, maganata za ta zama ta yaron da ya rikice. Ba zan ce ki je ba. Abin da za su yi miki a kan ƙasar gwamnati ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

Murdo.

Rafin Moffat,
14 ga Afrilu.

Jikana Murdo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cin abinci. Gwiwa ta kumbura kamar kabewa, dalili kuwa za ka ji. Tunda an hana ka zuwa, zauna in ba ka labari, kuma wannan karon ba ƙari, sai ɗan kaɗan.

Na kwana biyu ina cewa ba zan je ba. Ranar Laraba da safe na shiga lambu na tsaya a layin ƙasa, inda Hector ya fara dashe, sai kawai na je na ɗauko sukundireba. Ni da Gwenda muka kwance ƙofar rumfa daga jikinta. Gaskiyar kakanka, katakon gada ne, mutum huɗu suka ɗora ta a tirela.

Ɗakin taron ya cika. Mutum uku a kan tebur, ta tsakiya mace ce mai furfura da ba ta murmushi. Lauyan Sprott ya tashi da takalmi mai ƙyalli, ya ce kamfani ya janye shafinsa ne saboda wani ƙaramin ma'aikaci ya ruɗe, amma ƙanƙara ba ta ruɗe ba. Ya ɗaga hoton da Sprott ya ɗauka daga barandarsa, ya ce, «Ga ta nan a ƙarshen Maris, kowa ya gani.»

Na ɗaga sanda. Shugabar ta ce, «Uwargida Kinnaird, kina da magana?» Na ce, «Ina da ita, amma tana waje a kan tirela.»

Aka shigo da ƙofa aka jingina ta da bango. Gwenda kuma ta warware yadi guda da ta sauko da shi daga dutse a tsakiyar ɗaki, da ƙurarsa da kashin zomo. Na ce wa lauya, «Ɗana, ga ƙanƙararka. Taɓa ka ji ko da sanyi. In shanun maigidanka za su iya shan wannan, na ba su duka ashirin da biyun.»

Ɗaki ya ɗauki dariya. Sprott ya yi ja ya fi tuffata. Ya miƙe ya ce, «Wannan tsohuwar ta shekara shida tana yaudarar gwamnati!» Na ce, «Gwamnati ban san tana kallo ba, rana nake yaudara.»

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta sauko ta sa tabarau ta bi ƙofar da yatsa tun daga rubutun Hector har zuwa nawa, tana karanta ranakun a fili. Maris, Maris, Maris, Fabrairu, Fabrairu, Janairu. Ni kaina ban taɓa jin su a jere a bakin wani ba. Na ce musu kuma yaron da ake cewa ya ruɗe shi kaɗai ne a duk ƙasar nan ya lura tunkiya ba ta da kusurwa, kuma shi ya kai kansa ƙara, ba wanda ya kama shi. Na sa an rubuta wannan, na tsaya a kan mai rubutun sai da na gani.

Ga hukunci. Ba a ba Sprott ruwa ba. Izinin magudanarmu yana nan. Amma yadi za a sauke shi kafin ƙarshen wata, kuma ba za a sake hawa da shi ba har abada. Wata takardar gargaɗi tana zuwa daga masu kula da ƙasar, na ce ta zo, akwai wuri ƙarƙashin tulun sukari.

Ka ga ke nan mako ukun nan sun tafi. Na yi lissafin ruwa da Gwenda a hanyar dawowa, ba zai kai layuka biyu na ƙasa ba. Itace talatin. Zan sa a sare su da sanyi, da hannuna zan ɗaura musu ƙyalle don kada mai zarto ya yi kuskure. Ban yi kuka ba, ƙurar yadi ce ta shiga idona.

Ƙofar na ce a kai maka ka ɗauki hotonta ka dawo mini da ita, tumaki suna kwana a buɗe.

Abu na ƙarshe. Ka ce tauraronka ba ya ganin abu sai ya kai girman tsakar gida. To naɗi biyu na riƙe. Na shimfiɗa su a tsakar gidana, ƙasata ce, ba mai hana ni. Duk ranar da zai wuce zan shimfiɗa da safe in naɗe da yamma, Gwenda ta rubuta mini ranakun a kalanda. In ka ga fari, ina nan, uwarka ta bar asibiti ya huta. In ka duba sau biyu a jere ba gajimare kuma ba fari, ka taho. Makullin shinge yana ƙarƙashin tsohuwar tayar tarakta.

Nana.

Dunedin,
6 ga Mayu.

Nana,

Ina gaishe ki. An bar ni a aiki, amma yanzu ba na sa hannu a kan rafin da ban taka da ƙafata ba. Na farko a jerin shi ne Moffat, ranar Asabar, da ƙofarki a bayan mota. Ki gasa burodi mai cuku, goma sha ɗaya.

Hoton ranar Talata ya iso. Ƙanƙara ta sauka a tsakar gidanki, ita kaɗai a duk kwarin, da kusurwa huɗu. Na cire ta daga lissafi. Hoton kuma yana manne a bango saitin teburina.

Murdo.